Yadda za ka kula da sabar ajiya da ke Tawa kana zaune a Yamai

Wata ranar Alhamis da dare ina ɗakina a Yamai, na shiga wata sabar ajiya, wato kwamfutar da ake tara fayiloli a cikinta, da ke wani ofis a Tawa don in canza mata adireshi. Inda ya kamata in rubuta 10 sai na rubuta 1. Ina danna maɓallin adanawa shafin ya tsaya cik, ban sake jin ɗuriyarta ba. Na'urar tana kunne, faya-fayanta na juyawa, amma babu mai iya isa gare ta, ni da ke nesa da ma'aikatan da ke ɗakin da ke maƙwabtaka da ita. Ga ƙarshen wata, takardun albashi duk suna ciki. Da asuba na shiga mota, muka bi ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, muka karya arewa a Tsarnawa. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta cinye mini yini, gyaran kuwa bai kai minti biyar ba. Abin da ya fi damuna shi ne fuskar mai lissafin kuɗin ofishin, wadda ta yini mutane na tambayarta abin da ba ta da amsarsa.

Tun daga ranar nake bin ƙa'ida ɗaya a duk sabar da aka ba ni amana: hanyar da zan bi in gyara ta ba za ta ratsa ta cikinta ba. Idan ta faɗi, hanyar tana nan. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su, kuma a gaban na'urar ake yin su, kana tsaye da ƙafarka a ɗakin da take, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da takarda da alƙalami

Kafin ka cusa waya ko ɗaya, zauna ka raba adireshi. Zango biyu kake buƙata. Na farko na ma'aikata ne, ta nan suke buɗe fayilolinsu. Na biyu na kulawa ne, kai kaɗai da wanda zai tsaya maka ke shiga. An ware zanguna uku don amfanin cikin gida, waɗanda ba sa yawo a intanet: mai farawa da 10, da wanda ya kama daga 172.16 zuwa 172.31, da mai farawa da 192.168.

Shawarata ka ƙaurace wa 192.168.0 da 192.168.1 da 192.168.8. Kusan duk rutar da za ka saya a kasuwa, wato akwatin da ke haɗa ofis ko gida da intanet, da ɗayan biyun farko take zuwa, ƙananan akwatunan wifi na Huawei kuma galibi 192.168.8.1 suke riƙe. Idan ofishin Tawa yana kan 192.168.1 kuma gidanka na Yamai ma haka, ranar da ka nemi saba kwamfutarka za ta yi ta lalube a cikin ɗakinka, ba za ta leƙa waje ba. Ga rabon da za mu yi misali da shi, har da zango na uku na masu shigowa daga nesa, da katin kulawa da za mu zo kansa a ƙasa:

Ma'aikata: 10.30.10.0/24, ruta tana 10.30.10.1, saba tana 10.30.10.5
Kulawa: 10.30.20.0/24, ruta tana 10.30.20.1, saba tana 10.30.20.5, katin kulawa yana 10.30.20.11
Masu shigowa daga nesa: 10.30.99.0/24

Wannan /24 daidai yake da maski 255.255.255.0, wato zangon zai ɗauki na'urori 254. Ka umarci ruta ta riƙa rabon adireshi na kai-tsaye, wato DHCP, daga .100 zuwa .200 kawai, don kada wata rana ta ɗauki .5 ta miƙa wa salular baƙo. Ka kwafi takardar nan sau biyu. Ɗaya ta tafi da kai, ɗaya a liƙa ta a cikin ƙofar akwatin da sabar take, ba tare da kalmar sirri ko ɗaya a kanta ba.

Ƙaramar kwamfutar da ke cikin babbar

Zagaya bayan sabar ka duba kafofin waya. Idan ta Dell ce ko HPE ko Supermicro, yawanci za ka ga wata kafa ita kaɗai a gefe, an rubuta iDRAC ko iLO ko IPMI a kusa da ita. Wannan kafa ba ta babbar kwamfutar ba ce. Akwai wata ƴar ƙaramar kwamfuta da aka dasa a kan allon, ana kiranta BMC, ita ce katin kulawa da na ambata a sama, wadda ke farke muddin wayar wuta na jone, ko da an kashe sabar. Ta nan za ka kunna ta, ka kashe ta, ka ga allonta tun daga lokacin da take tashi, ka duba zafinta da gudun fankokinta, kamar kana tsaye a gabanta. Da na saita wannan kafa tun farko, da ban yi waccan tafiya ba.

Jona allo da madannai, ka kunna sabar. A Dell danna F2, ka shiga saitin iDRAC, sannan sashen rezo. A HPE F9 ne. A Supermicro maɓallin Del ne, sai ka nemi shafin IPMI. Ko wacce ce, abu huɗu za ka yi: ka kashe DHCP, ka rubuta 10.30.20.11, ka sa maski 255.255.255.0, ka sa ƙofar fita, wato adireshin ruta, 10.30.20.1. Kada ka tsallake ƙofar fitar nan. Ba tare da ita ba katin zai amsa wa wanda ke zangonsa kaɗai, kai da ke Yamai kuwa zai ji sallamarka ya rasa ta inda zai mayar maka.

Akwai zaɓi na biyar da mutane ke wucewa ba su karanta ba, kuma shi ne ya fi cutarwa. Katin yana iya amfani da kafarsa ta kansa, yana kuma iya raba kafa da babbar kwamfutar. Ka zaɓi tasa, inda aka rubuta Dedicated. Supermicro tana zuwa a kan Failover, wato idan katin ya farka bai ga waya mai rai a kafarsa ba, sai ya koma ta rabo. Ka tuna yadda wuta ke dawowa a garuruwanmu: komai na tashi lokaci guda, katin ya riga suwic (akwatin da wayoyin rezo ke haɗuwa a cikinsa) farkawa, ya duba kafarsa ya tarar shiru, ya yi ƙaura zuwa zangon ma'aikata. Kai kuma ka yi ta nemansa inda ka bar shi.

Idan sabar tana aiki kuma ba ka son kashe ta, daga cikin Linux ana yin wannan da ipmitool:

ipmitool lan print 1
ipmitool lan set 1 ipsrc static
ipmitool lan set 1 ipaddr 10.30.20.11
ipmitool lan set 1 netmask 255.255.255.0
ipmitool lan set 1 defgw ipaddr 10.30.20.1

Lambar 1 ɗin nan lambar tashar katin ce. A yawancin na'urori 1 ce, idan layin farko ya ƙi sai ka gwada 2 ko 8.

Nan take ka canza kalmar sirri. Tsofaffin Dell da root da calvin suke zuwa, tsofaffin Supermicro da ADMIN sau biyu, kuma babu ɓarawon intanet da bai haddace su ba. Sababbi suna da kalma ta musamman a kan wata ƴar takarda da ke jikin na'urar. Mafi yawan sabobin da ke shigowa hannunmu na-hannu ne, sun yi aiki a wata ƙasa kafin su iso, don haka ka buga ipmitool user list 1 ka ga ko tsohon mai ita ya bar sunansa a ciki. Duk sunan da ba kai ka sa ba, ka cire shi.

Kafin ka tashi daga nan, buɗe shafin katin a kwamfutarka ka nemi ganin allon sabar daga nesa. A iDRAC sai da lasisin Enterprise, a iLO kuma sai da lasisin Advanced kafin ka ga allon bayan manhaja ta tashi. Gara ka gano haka yau da ka gano ranar da ake kiranka daga Tawa.

Idan akwatin ajiya na Synology ne ko QNAP, mafi yawansu ba su da wannan kati. Abin da za ka samu shi ne kafa ta biyu da za ka ware wa kulawa, da zaɓin tashi da kansa idan wuta ta dawo. Ga kwamfutar da aka mayar saba kuwa, akwai PiKVM, wadda ake ginawa a kan Raspberry Pi, tana ɗaukar hoton allo tana kuma buga madannai a madadinka.

Kafofin sabar kanta

Yanzu babbar kwamfutar. Kafa ta farko ta ma'aikata ce, ta biyu ta kulawa. A Ubuntu ana rubuta wannan a fayil ɗin da ke cikin /etc/netplan, kuma sunayen kafofin naka za ka gan su da ip link:

network:
  version: 2
  ethernets:
    eno1:
      addresses: [10.30.10.5/24]
      routes:
        - to: default
          via: 10.30.10.1
      nameservers:
        addresses: [10.30.10.1, 9.9.9.9]
    eno2:
      addresses: [10.30.20.5/24]
      routes:
        - to: 10.30.99.0/24
          via: 10.30.20.1

Duba da kyau, ƙofar fita ta gama-gari guda ɗaya ce tak, a kan eno1. Masu koyo kan sa wa kowace kafa tata, sai sabar ta rasa wacce za ta bi, yau ta amsa gobe ta yi shiru. To amma idan ƙofar ɗaya ce, wata matsala na jiranka. Saƙonka daga Yamai zai shigo ta eno2, amsar kuma ta nemi fita ta eno1, tunda nan ce ƙofar da sabar ta sani. Katangar tsaron ruta, idan ta ga amsa ta fito ta hanyar da tambaya ba ta shiga ba, takan yar da ita. Alamar wannan ciwo ita ce ping, wato gwajin ko na'ura na amsawa, ya wuce lafiya amma shafin ya ƙi buɗewa, ko SSH, hanyar buga umarni daga nesa, ya haɗu ya mutu bayan ƴan daƙiƙu. Layuka biyun ƙarshe su ne maganinsa: suna gaya wa sabar cewa duk wanda ya zo daga 10.30.99 a mayar masa ta kafar kulawa.

Kada ka buga netplan apply. Buga netplan try. Zai ɗora sabon saitin ya jira ka daƙiƙa 120, idan ba ka danna Enter ba ya koma tsohon da kansa. TrueNAS, manhajar da ake ɗora wa sabar ajiya, ita ma tana da irin wannan: bayan ka gyara kafa sai ka danna Test Changes, tana ba ka daƙiƙa 60 ka shiga ta sabon adireshin ka tabbatar, in ba haka ba ta janye. Wannan jira na minti ɗaya ko biyu shi ne abin da na tsallake a waccan Alhamis.

A TrueNAS akwai wurin da za ka zaɓi adireshin da shafin kulawa zai riƙa saurare a kansa. Ka ɗaure shi a 10.30.20.5, rabon fayil kuma, wato SMB, ka ɗaure shi a 10.30.10.5. Da haka ma'aikaci zai ga fayilolinsa amma ba zai taɓa ganin shafin da ake goge faifai ba.

Abu biyu za a kwaɗaita maka, ni kuma na ce ka dakata. Na farko ƙara girman fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke tafiya a waya, daga 1500 zuwa 9000. Yana da amfani tsakanin saba da saba idan kowace na'ura a kan hanyar ta yarda da shi, amma a kafar kulawa ba ya ƙara komai sai ciwon kai. Na biyu haɗa kafa biyu su zama ɗaya da LACP. Idan za ka yi, yi wa ɓangaren ma'aikata, kuma kana wurin, domin sai an saita suwic da saba tare, kuma tsakanin saita wannan da wancan layin yakan yanke.

Suwic

Idan suwic ɗinka mai karɓar saiti ne, raba shi gida biyu, abin da ake kira VLAN: ƙirƙiri VLAN 10 na ma'aikata da VLAN 20 na kulawa, ka sa kafar katin da eno2 a cikin 20 ba tare da tambari ba, kafar da ke zuwa ruta kuma ta ɗauki duka biyun da tambari. Ka adana saitin, domin suwic da yawa suna mantawa da abin da ba a adana ba da zarar wuta ta ɗauke. Idan ba ka da irin wannan suwic, sayi ƙarami mai kafa biyar ka ware shi ga kulawa kaɗai, ka kai shi wata kafa dabam a jikin ruta. A ƙaramin ofis na fi son wannan, don ido na ganinsa. Ka sa wayoyin kulawa masu launi dabam, misali ja, ka rubuta wa kowacce suna a bakinta biyu.

Hanyar shigowa daga nesa

Za a ce maka ka buɗe mashiga a ruta, wato ƙofa mai lamba da ake shigowa ta ita daga intanet, ka tura 443 ko 5001 ko 623 zuwa sabar, shi ke nan ka huta. Kada ka yi, ko da na kwana ɗaya ne. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta bi ta mashigar SMB, lamba 445, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila. A watan Janairu na 2022 DeadBolt ta bi akwatunan QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, ta ɗaure fayilolin mutane tana neman fansa. IPMI kuwa, tun 2013 aka nuna cewa tsarinsa na 2.0 yana miƙa wa duk wanda ya tambaya wani curin lissafi na kalmar sirri, wanda za a iya tafiya da shi a yi ta gwadawa har a fasa. A cikin ƙirar tsarin aibin yake, sabunta manhaja ba ya cire shi. Masu neman irin waɗannan ƙofofi ba su san Tawa ba, ba su damu da ƙanƙantar ofishinku ba. Na'urori suka saki suna ƙwanƙwasa kowane adireshi a duniya dare da rana. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanyar da ta dace ita ce VPN, wato rufaffiyar hanya tsakanin kwamfutarka da ofis. A ina za ta zauna? A nan ne mutane da yawa ke komawa gidan jiya. TrueNAS da Synology duk suna iya ɗaukar manhajar VPN a cikinsu, kuma ya fi sauƙi, amma ranar da sabar ta ƙi tashi, VPN ɗin ma ya kwanta tare da ita, katin kulawar da ka sha wahalar saitawa kuma yana can ba ka da hanyar isa gare shi. Ka ɗora VPN a kan ruta, ko a kan wata ƴar na'ura dabam da ke zangon kulawa. MikroTik mai RouterOS 7 tana da manhajar VPN mai suna WireGuard a ciki, haka OPNsense da OpenWrt.

Sai ka binciki irin adireshin da kamfanin intanet ya ba ku. Shiga ruta ka karanta adireshin ɓangaren waje, sannan ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa. Idan sun zo ɗaya, kuna da adireshi na fili. Idan sun bambanta, ko na rutar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, to kuna bayan abin da ake kira CGNAT: ku da ɗaruruwan mutane kuna raba adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai zaure guda, kuma ba wanda zai iya yin sallama da ku daga waje. Layukan salula galibi haka suke, haka ma ƙaramin tsarin Starlink. Ko kana kan Niger Telecoms ko Airtel ko Moov ko Zamani, ka duba da idonka, ka kuma tambaye su ko suna sayar da tsayayyen adireshi na fili.

Idan kuna da na fili, aikin gajere ne. Buɗe mashiga ɗaya ta UDP, bisa al'ada 51820, ga WireGuard kaɗai. Ba ya amsa wa wanda ba shi da makulli, don haka mai ƙwanƙwasawa ba zai san akwai ƙofa ba. A kwamfutarka ka ba kanka 10.30.99.2, a layin AllowedIPs ka rubuta 10.30.20.0/24.

Idan kuna bayan CGNAT, dole ofis ne zai yi kira zuwa waje. Hanya ta farko ita ce ka yi hayar ƙaramar saba a intanet mai adireshi na fili, rutar Tawa ta kira ta, kwamfutarka ma ta kira ta, ku haɗu a can. A ɓangaren Tawa ka sa PersistentKeepalive = 25, wato duk daƙiƙa 25 ta yi motsi don kada kamfanin ya ɗauka an gama magana ya rufe. Hanya ta biyu Tailscale ce, wadda aka gina a kan WireGuard, tana yi maka wannan haɗin da kanta. A ƴar na'urar da ke zangon kulawa ka kunna tura fakiti, ka buga:

tailscale up --advertise-routes=10.30.20.0/24

sannan ka shiga shafinsu ka amince da zangon. Kana can, ka kashe ƙarewar makullin wannan na'ura. Idan ka bar shi yadda ya zo, bayan kwana 180 zai mutu, a nemi wani ya sake shiga, kai kuma kana Yamai.

Wani lokaci VPN zai haɗu, ping ya wuce, amma shafin iDRAC ya buɗe rabi ya tsaya. Girman fakiti ne. WireGuard da 1420 yake farawa, wasu layukan salula ba sa ɗaukar haka. Sauke MTU, wato girman fakitin, zuwa 1280 a ɓangarorin biyu.

Layi ɗaya ba ya isa. Sa ƙaramar rutar salula ta wani kamfani dabam a matsayin madadi, ka rubuta ranar da forfe ɗinta zai ƙare a inda za ka gani. Layin madadin da ba kuɗi a ciki ado ne kawai.

Makullai

A ruta, dokokin ba su da yawa. Daga 10.30.99 zuwa 10.30.20 a bari. Daga zangon ma'aikata zuwa na kulawa a hana. Daga zangon kulawa zuwa intanet a bar agogo da wasiƙa da sabunta manhaja kawai, sai kiran ƴar na'urar VPN idan a nan take. Ga SSH, ƙirƙiri makulli da ssh-keygen -t ed25519, ka kai shi sabar, ka gwada shi a taga ta biyu alhali ta farko na buɗe. Sai ya yi aiki sannan ka sa PasswordAuthentication no. Kunna lambar tabbaci ta biyu a shafin kulawa. Kashe UPnP a ruta, domin da shi ne wasu akwatunan ajiya ke buɗe wa kansu ƙofa ba tare da sanin mai su ba.

Kowane mai kulawa da sunansa da makullinsa, don ranar da wani ya bar aiki a cire nasa kaɗai. Ka rubuta kalmomin sirri na gaggawa, ka rufe a ambulan, ka damƙa wa shugaban ofis. Mu duka masu tafiya ne, kuma fayilolin nasu ne, ba naka ba.

Wuta, agogo da zafi

Ondilar da ke riƙe sabar kaɗai bai gama aiki ba. Ruta da suwic da akwatin intanet da ƴar na'urar VPN duk su hau batir, kuma gara a ba su nasu dabam. Ba su cin wuta sosai, za su daɗe bayan sabar ta kwanta, kai kuma ka iya leƙawa ka ga abin da ke faruwa. Haɗa ondilar da sabar ta USB, ka saita ta kashe kanta cikin natsuwa idan batir ya yi ƙasa. TrueNAS da Synology duk suna da wurin wannan. A BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin da sabar ke tashi, ka nemi AC Power Recovery ko makamancinsa ka sa shi a kan kunnawa. Last State yana da tarko: sabar da ta kashe kanta saboda batir, yanayinta na ƙarshe a kashe ne, don haka wuta za ta dawo ita tana kwance.

Agogo ƙaramin abu ne mai rufe manyan ƙofofi. Sa yankin lokaci Africa/Niamey, ka ba sabar da katin da ruta NTP, wato mai daidaita agogo ta intanet, misali pool.ntp.org. Lambar tabbaci ta biyu duk daƙiƙa 30 take canzawa, idan agogo ya kauce ba za ta karɓu ba. WireGuard ma yana ƙin gaisuwar da lokacinta ya koma baya, kuma Raspberry Pi kafin ta 5 ba ta da agogo mai batir. A tsohuwar saba ka canza ƴar batir ɗin allo, CR2032, tun kana wurin.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yana haura digiri 40 a inuwa, kilim kuma ba ya tashi da kansa a kowane ofis bayan ɗaukewar wuta. Saita katin da sabar su aiko maka wasiƙa idan zafi ya hau, ko fanka ta tsaya, ko faifai ya fara ciwo, ka danna maɓallin gwaji ka ga ta iso salularka. Da hunturu ƙura ke toshe matatun iska, da damina kuma tsawa ke bin wayar da aka ja daga gini zuwa gini. Idan akwai irin wannan waya, a sa mata kariya ko a maye ta da zaren gilashi.

Gwajin da za ka yi kafin ka nufi tasha

Gani ya kori ji. Cire kwamfutarka daga wifi na ofis, ka jona ta da intanet ɗin salularka, kamar kana Yamai. Kunna VPN. Buɗe 10.30.20.11, buɗe 10.30.20.5, shiga ta SSH. Daga shafin katin ka kashe sabar bayan an tashi aiki, ka sake kunna ta, ka kalli allonta har ta gama tashi. Zare wayar eno1 ka ga ko har yanzu kana ciki. Zare babban layin intanet ka ƙirga lokacin da na madadi zai ɗauka. Na ƙarshe shi ne wanda mutane ke tsoro: da izinin shugaban ofis, sauke wutar ɗakin gaba ɗaya, bari ondilar ya kashe sabar, sannan ka mayar da wuta ka koma gefe ka naɗe hannu. Duk abin da ya buƙaci yatsanka kafin ya tashi, gyara shi yanzu. Daga salularka kuma, VPN a kashe, gwada adireshin ofis na waje ka tabbatar ba shafin da ke buɗewa.

Saura mutum. Komai kyawun saiti, wata rana sai an nemi hannu a wurin. A ofishin da na ba da labarinsa akwai dattijo mai gadi, na kai shi gaban akwatin na ce, "Baba, in na kira ka, wannan jar wayar kaɗai za ka duba ko fitilarta na ƙiftawa. Wannan maɓalli mai farin tef kuma, sai na ce ka danna." Ya sa na maimaita, ya nuna mini da yatsa don in tabbatar ya gane, sannan ya ce, "To ɗana, ka rubuta mini lambarka da manyan baƙi a nan jikin ƙofar." Na rubuta, na ɗauki hoton gaban akwatin da bayansa, kowace waya da inda ta shiga, don in riƙa kallo idan muna magana.

Da ka isa Yamai, kafin ka kwance kaya, kunna VPN daga gidanka ka sake buɗe 10.30.20.11. Daga nan duk canjin da za ka yi wa rezon sabar, ka fara buɗe allon katin a taga guda ka bar shi, ka yi canjin a wata tagar, abu ɗaya a lokaci ɗaya, da safiyar ranar aiki lokacin da Baba yake bakin ƙofa.